Mai Jan Fensir da Yarinyar Kujerar Baya

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marubuciyar da ɗalibanta suka laƙaba wa suna Mai Jan Fensir a watan Maris na shekarar 1951, a wani gari da layin dogo ya raba biyu. Mahaifinta mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi a ɗakin gaba, kusa da taga. Tun tana ƙarama aka shaide ta da kunne, domin duk hirar da mata suka yi a bakin keken ɗinki sai ta kwashe ta tsaf ta maimaita wa ƙannenta, har da kwaikwayon murya. Mahaifiyarta ta sha gargaɗinta cewa kunnen nan wata rana sai ya ja mata.

Karatu da Koyarwa

Ta shiga firamare a 1958, ta kammala kwalejin horar da malamai a 1971, kuma a wannan shekarar aka tura ta koyarwa a wata sakandare. Can ta lura cewa yara 'yan shekara goma sha uku zuwa sha shida sun fi ƙarfin tatsuniya, littattafan manya kuma suna gundurarsu, sai ta fara rubuta musu labarai da kanta. Duk babin da ta gama sai ta karanta wa aji, jan fensir a hannunta. Inda ɗalibi ya fara hamma ko ya juya wajen taga, nan take ja layi, kuma wannan shafin ba ya kai labari, ko da ta shafe mako tana gyara shi.

Aure da Zuriya

A 1973 ta auri wani mai haɗa magunguna a asibiti, mutum mai sanyin hali. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku: mace a 1974, sai maza biyu a 1977 da 1981. Babbar ta tashi da in'ina, saboda haka kullum a kujerar baya take zama a aji.

Littafin Farko

A 1987 aka buga littafinta na farko, Yarinyar Kujerar Baya, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai, har makarantu suka sa shi cikin manhaja. A babi na uku akwai yarinya mai in'ina da ke kulle kanta a banɗaki kowace safiya, ta saki famfo don kada a ji ta, tana maimaita "Ga ni, Malam" sau ashirin, domin kada harshenta ya sarƙe lokacin kiran suna. Ba ƙirƙira ba ce. A bayan ƙofar banɗakin gidanta marubuciyar ta ji wannan daga bakin 'yarta, ta ɗauke shi kalma da kalma, ba tare da ta nemi izini ba.

Ajin 'yar tata ya karanta babin a watan Oktoba. Kafin a tashi tara, makaranta duka ta gane, yara suna bin ta suna kwaikwayon ƙarar famfo. Da ta dawo gida magana ɗaya ta yi, da ƙyar ta fitar da ita: "Umma, laɓe kika yi mini." Uwar ta kare kanta, ta ce ai don ƙarfafa irinta ta rubuta. Daga baya ta sha faɗa cewa wannan amsar ta fi babin muni.

Shekarun Shahara

Tsakanin 1989 da 2012 ta wallafa littattafai goma sha ɗaya, ta karɓi lambobin yabo huɗu, kuma ba ta sake ɗaukar ko tari daga gidanta ta sa a takarda ba. 'Yar ta karanci gwajin jini, aikin da ba ya buƙatar surutu, ta koma wani gari mai nisa a 1996. Ba ta yanke zumunci ba, tana zuwa gaisuwa, ta kuma yi jinyar mahaifinta har rasuwarsa a 2004. Amma kowane sabon littafi da aka aika mata, ko uffan ba ta cewa a kansa. Wannan shirun ya ci ran uwar shekara talatin.

Littafin Ƙarshe

A 2016 ciwon sukari ya taɓa mata ido, daidai lokacin da ta kammala rubutunta na ƙarshe, labarin wata uwa da ta tona asirin 'yarta. Ba ta taɓa sakin littafin da ba a ji shi da kunne ba, ga shi ba ta iya karantawa. Kamfanin ɗab'i ya turo mata masu karatu har biyu, ta sallame su. Takardun suka shekara biyu a kan tebur.

A watan Yuni na 2018 'yar ta zo duba ta, ta ga takardun, ta ja kujera ta zauna. Kwana tara tana karantawa a bayyane, tana sarƙewa tana ci gaba, uwar na riƙe da fensir ba ta ja ko layi ɗaya ba. A babin ƙarshe, inda uwar cikin labari ta shafe shafi huɗu tana neman gafara, 'yar ta tsaya, ta zare fensirin daga hannun mahaifiyarta, ta soke shafi uku. "Nan ya yi tsawo, Umma," in ji ta. "Tun a shafin farko aka yafe mata."

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar 2 ga Nuwamba, 2018, tana da shekara sittin da bakwai, aka binne ta da yammacin ranar kusa da kabarin mijinta, tsofaffin ɗalibanta da yawa cikin masu rakiya. Littafin ya fito a 2019, babinsa na ƙarshe shafi ɗaya tak. Ta rasu ta bar jikoki takwas da 'ya'ya uku: auta, injiniyan ruwa, na tsakiya, malamin lissafi, sai babbarsu, ma'aikaciyar gwajin jini, wadda a rabon kaya ba ta nemi komai ba sai guntun jan fensir. Allah Ya jiƙanta da rahama.