Ranar da Habboba ta kira sunan Baba

A ƙauyenmu na kusa da Hasahisa, da an idar da magariba sai mu kewaye kanun, murhun gawayin kakarmu Hawwa, wadda muke kira Habboba. Tana kan angare, gadonta na igiya, tana soya bunni na gahawa, mu kuwa muna ƙasa muna tura gyaɗa cikin toka. Tatsuniyoyin kura da zomo ba sa ƙare mata. Amma in ta ga Baba ya shimfiɗa tabarma kusa, sai ta ƙyafta mana ido.

"Ta yau ba ta dawa ba ce," in ji ta. "Ta yaron nan ce."

Yaron nan shi ne mahaifinmu, da furfurarsa da komai. Shi ne ɗanta na fari, don haka kunya ba ta barin ta faɗi sunansa.

Lokacin yana sanawi, wato sakandare, a Hasahisa, yana kwana a makaranta. Aka shirya tseren dogon zango a kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Wanda ya zo na ɗaya za a kai shi birnin Madani ya kara da 'yan sauran makarantun yankin Jazira. Wani maƙwabci ya kawo labari gida. Habboba ba ta gaya wa kowa ba, ta ƙulle wainar kisra da tsiren agashe a ƙwarya, ta hau lorin auduga.

"Ni ban san ana gudu ba wanda ya koro ka ba," ta kan ce. "Na tahi in gani da idona."

Ta tsaya gindin wata bishiya a bakin ruwa. Can sai ga yara sun ɓullo, kowa da guntun wando, suna haki. A gabansu duka wani dogo ne, ba takalmi, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa.

"Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Sai na ji wata mata tana ihu, Usmanu! Usmanu! Ashe ni ce."

A nan muke faɗuwa da dariya, don ko a cikin labarin rufe baki take yi da gefen tob, mayafinta, in ta zo kan sunan.

Baba ya tsaya cak. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ya ɗauka rasuwa aka yi a gida. Ya sauko daga gaɓa, ya durƙusa gabanta yana numfashi da ƙyar.

"Inna, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu! Tashi ka bi su, ga su can sun wuce!"

Kafin ya koma kan hanya yara biyu sun yi nisa. Na uku ya zo. Ustaz ɗin wasanni ya yi ta faɗa har rawaninsa ya kwance, Habboba ta miƙa masa agashe, ya karɓa yana ci yana faɗan. Wani yaro daban aka kai Madani.

In ana wannan labari, sai Baba ya yi ta juya finjalinsa na gahawa. Mu yara mun ɗauka haushin tseren ne bai sake shi ba.

Bayan rasuwar Habboba, ina da nawa 'ya'yan, muna dawowa daga gona ni da shi ta wannan gaɓa, na tambaye shi ko ya taɓa jin haushinta. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Ya waladi, ɗana, Madani na je ta har na gaji. Amma ita sau ɗaya ta kira ni a duniya. Da na wuce a guje, da ban ji da kyau ba."

Shekara da shekaru muna dariyar tseren da ya kufce masa, shi kuwa yana matso da tabarmarsa ne don ya sake jin sunansa a bakin uwarsa, ko da ta bayan mayafi ne.