Bulon da Ka Sa a Ruwa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye gaban allo aka leƙo aji aka ce mini Baba Mai Makulli ya rasu da hantsi a asibiti. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Alli ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba.

Baba, shekara ashirin da biyu kana kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Kai ke buɗewa, kai ke rufewa, ƙarar makullanka kan riga ka shigowa. In ɗaliba ta fasa kwalba, kafin ta fara kuka ka share, ka ce ai dama a tsage take. Malamin da ya manta bai nemi kayan gwaji ba, sai ya zo ya tarar ka jera masa su. Ni kuwa abin da ka yi mini ya wuce wannan, kuma ban taɓa faɗa ba sai yanzu da ba ka ji.

Shekarar da na fara koyarwa ina ji da kaina, takardar digirina ko ninki ba ta yi ba. Na ce wa ɗalibai igiyar ruwa ta fi gudu inda ruwa ba shi da zurfi, wai don ruwan da za ta tura kaɗan ne. Suka rubuta, ga jarrabawa saura mako uku. Kana ƙarshen ɗaki kana goge kwalabe. Sai da suka fita ka matso.

"Malama, ki yi haƙuri, kamar akasin haka ne. Na yi tuƙin kwale-kwale da ƙuruciya. In muka ga igiya ta rage gudu tana cunkushewa, mun san yashi ya taso a ƙasa, sai mu kauce."

Na ce, "Baba, kai dai ka ji da kwalabenka."

Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ka ce to, ka koma bakin aikinka. Washegari na tarar ka zuba ruwa a dogon kwamin gilashi, ka kwantar da jan bulo a gefe ɗaya, ruwan ya ɗan rufe shi, ka fita ka bar ni ni kaɗai. Na taɓa ruwan da rula. Igiya ta taho a guje ta wajen zurfi, tana hawa kan bulon ta yi sanyi, layukanta suka matsu. Sau biyar ina maimaitawa ko za ta rufa mini asiri. Ina!

A ranar na gyara wa ɗalibai, amma na ce musu littafi na sake dubawa. Kana bakin ƙofa, ka ji da kunnenka. Tun daga nan, duk shekara in darasin ya zo kai ke sa bulon, ni ke shan yabo. Kullum ina cewa gobe zan ba ka haƙuri, girman kai yana ce mini ai ka manta. Da aka kwantar da kai, na sa ranar Laraba zan je dubiya in faɗa maka. Ka tafi Talata.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Malamar da yake faɗa? Ya ce in kin zo a gaya miki bulon yana bayan kabad na uku, kada masu shara su jefar, darasin ya kusa."

Sai hawaye suka zubo mini.

Jiya darasin ya zo. Na sa bulon da hannuna, na faɗa wa ɗalibai wanda ya koya mini, na faɗi abin da na ce masa, ban rage ko kalma ba. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malama, ya yafe miki?"

Na ce ban tambaye shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Allah Ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan rashi. Ku kuma iyalinsa, ina roƙonku abin da na yi shekara ashirin ban roƙe shi ba: ku yafe mini.