Man da na hana Baba Habu

Jiya da hantsi ina zaune gaban kwalaben esansina, wato fetur ɗin da nake sayarwa, a bakin hanyar Bande, sai ga tsohuwar a-kori-kurar Baba Habu, mai ɗaukar gyaɗa ranar kasuwa. Amma ba gyaɗa ce a baya ba, 'yarsa ce kwance kan katifa tana naƙuda, mata biyu na riƙe da ita.

Ya ce, "Ɗana, zuba mini kwalba huɗu, gidan likita za mu, Magariya."

Na ɗauki kwalba, na kasa zubawa. Da safe na ɗiga man nan a tafin hannuna, ya ƙi bushewa da wuri. Wanda ya kawo mini ya gauraya shi da kananzir. Moto, wato babur, yana sha ya yi tari ya wuce, amma injin Baba ya tsufa.

Na ce, "Baba, wannan ba zai kai ku ba."

Ya dube ni. "Kai mai sayarwa kake kushe kayanka?"

"Ni na san abin da ke ciki."

Na jawo motona da na cika da na famfon gidan mai, na sa tiyo na zuƙe tankin na juye masa.

Bayan la'asar ya dawo, ya leƙo ta taga. "Ta sauka lafiya, mace ce. Allah ya yi maka albarka."

Na amsa da amin, amma kunya ta kama ni. Tun safe nake sayar wa 'yan moto man nan, ban ce wa kowa komai ba.

'Yan'uwa masu sana'a, ku gaya mini, sai mun ga mai naƙuda za mu faɗi gaskiyar kayanmu?