Tahidu Mai Wayar Mota da Allurar da Ta Raba 'Yan'uwa

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Aboabo da hantsi zai ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙofar wata mota, mai su kuma yana kwance rigingine a ƙarƙashin sitiyari. Masta Tahidu ke nan, mai gyaran wayar mota. Kokonsa kan huce a kan benci, gaisuwa ma daga can ciki yake amsa ta. Bana ya ce zai ajiye aiki saboda baya ya fara ƙi. Kafin ya tafi, dole mu faɗi abin da muka gani.

Hajiya Adijatu ta Lamashegu tana da a-kori-kura da take kwaso ƙwarar kaɗanya daga ƙauyuka. Da injin motar ya mutu, ƙanenta Zubeiru ta tura Kumasi ya zaɓo wani. Makaniki ya ɗora, mota ta tashi lafiya lau. Amma ko Kukuo da ke nan kusa ba su kai ba allurar da ke nuna zafin inji ta haye ja ta zauna. Aka wanke lagireto, aka canja ruwa, allura ta ce ba inda za ta.

Daga nan bakin mutane ya buɗe. Aka yi ta kai wa Hajiya cewa Zubeiru ruɓaɓɓen inji ya ɗauko, ya rufe ta. Ita kuma, da zafin zuciyarta, ta faɗa masa haka a gaban matarsa. Zubeiru, yaron da ta goya a bayanta, ya daina taka gidanta, sunan jikarta ma bai zo ba. Abin ya ci ta ƙwarai, sai dai allura tana gabanta ja wur, to me za ta ce?

Ta kai motar wurin Tahidu tana huci. "Masta, yanke wayan alluran nan kawai in sayar da motan. Na gaji da shi."

"Hajiya, ni ba na makantar da mota," in ji shi. "Zauna tukuna."

Ya bi wayar da yatsa tun daga bayan geji, agogon da allurar take ciki, har jikin inji, bai ga inda ta goge ko ta taɓa ƙarfe ba. Sai ya kwance sensa, ɗan ƙarfen da ke gaya wa allura zafin ruwa, ya ƙara masa dogayen wayoyi, ya karɓo ruwan ɗumi wurin mai shayi a gwangwani ya tsoma shi. Allura ta zabura ta haye ja.

"Hajiya, sa yatsanki a ruwan nan."

Ta sa tana ɗari-ɗari. Ruwan da ko jariri za a yi wa wanka da shi!

"Inji bai da laifi. Sensan da ya zo da shi ne bai dace da gejin motanki ba, sai ya riƙa kiran ɗumi wuta."

Ya hau babur ya je inda aka yar da tsohon injin, ya ciro nasa sensan, ya ɗaura. Suka zaga har hanyar Savelugu cikin tsakar rana, allura na tsakiya ko motsi ba ta yi. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, sai kuma hawaye. Ba ta koma gida ba, ƙofar Zubeiru ta sa direba ya nufa, kuma a gaban matarsa ta nemi gafararsa.

Masta, kai ne ka ƙi yanke wayar nan, alhali yankewar ta fi sauƙi kuma ita aka ce ka yi. Da ka yanke, da an sayar da mota, Zubeiru ya zauna da sunan maha'inci har ƙarshen ransa. Mai haƙurin bin waya, mun gode. Allah Ya ba bayanka lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu gareji da za ku gaji bencinsa, ku gwada kafin ku yanke hukunci. Bayan kowace mota da aka kawo muku akwai mutumin da ake zargi a gida, kuma ba shi da wanda zai wanke shi sai ku.