Faifan da Ba Ya Goguwa

A kasuwar Tasawa, wani dattijo na tsaye gaban teburin mai sayar da sabbin faifan sede. Hannuwansa duk kanta, rigarsa ta koɗe. Da gani manomi ne. Yana ɗaga kowane faifai ga rana yana neman ƙarzuwa.

"Baba, ɗauki wannan," in ji mai tebur. "Ana gogewa a sake zuba wani abu."

"Kai wa masu canza magana. Muryar dattawan da suka shaidi iyakar gonata da na naɗa zan juye. Biyu sun rasu."

Wataƙila wani ya daɗe yana cin gefen gonar nan, yana jiran shaidu su ƙare.

Dattijon ya zaɓi wanda ba ya goguwa, har biyu, ya sa cikin hularsa, ya mayar a ka.