Filashin Ukun da Ban Tashi Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan acaba ne a cikin garin Batsari, saurayi mai rawar kai, kuma babu wanda ya kai ni iya gem ɗin faɗa a shagon cajin waya da ke bayan tasha. Mai shagon yana da talabijin da hannun gem biyu, in rana ta take fasinja suka yi wuya, can muke tarewa. Irin gem ɗin nan ne da mutum biyu ke dambe a kan dandamali, kowa na neman ya cilla ɗan'uwansa waje. Abin da ya sa nake cin kowa sirri ne ɗaya da na gano: in ka yi ta maimaita bugu iri ɗaya, gem ɗin na rage masa ƙarfi. Na farko zai kwashe jinin da gem ke nuna wa ɗan wasa ya wurga shi nesa, na biyar kuwa da kyar zai gusa. Sai ka sauya wasu bugun kafin ƙarfinsa ya dawo. Ina taƙama da wannan sani kamar wanda ya sauke karatu.

Mahaifina yana ƙauyenmu wajen Karare. Duk mun dawo gari saboda ɓarayin daji, shi ya ce gyaɗarsa ba za ta cire kanta ba. Ga shi da ciwon gwiwa, ko sauri ba ya iyawa balle gudu. Sai muka yi yarjejeniya. Tunda wayarsa ba ta zama da kati, duk sanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin sun fito, zai yi min filashin sau uku, wato ya kira ya katse, ni kuma in bar duk abin da nake yi in je in ɗauko shi. Ranar farko da ya yi, fasinja na sauke a tsakiyar hanya, na isa ƙauyen a guje. Karo na biyu ma haka. Kuma ba ƙarya yake yi ba, kowane karo sun fito ɗin, sai dai su ratsa ta wani gari ko su kora shanu su wuce. Sai ya kwana biyu a wurinmu ya koma. A hankali na fara tsayawa in ƙarasa cin abinci kafin in tafi. Daga baya har ina tsokanarsa cewa ya mayar da ni direbansa, shi kuma ya yi dariya ya sa min albarka.

Ranar wata Laraba bayan Azahar wani baƙo daga Safana ya zo shagon, aka ce ba a taɓa cinsa ba. Aka haɗa mu, shago ya cika. Na lura da wuri cewa naushi ɗaya ya dogara da shi. Ina cikin yi masa dariya ina koya masa cewa bugun da aka maimaita ba ya tura kowa, wayata ta yi ƙara a aljihu ta katse. Ta sake. Ta sake. Na san ko wane ne, ban ma duba ba. Na ce a raina bari in gama wannan zagayen. Na ci, baƙon ya nemi a sake, na yarda. Ina jin mun yi kusan awa guda.

Da na kama hanya, tun kafin in kai sai na fara gamuwa da mata da yara a guje. Na tarar da buhun gyaɗa a ƙofar gida da sandar Baba a jingine. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta ɓuya cikin karan dawa, ta ce an ba shi wuri a bayan wani babur ya ƙi hawa, ya sa aka ɗora mai ciki. Ta ce ya zauna a kan buhun yana kallon hanya, yana cewa, "Ku tafi abinku, yarona na nan tafe. Bai taɓa ƙin zuwa ba." A nan ɓarayin suka same shi suka tafi da shi.

Yau damina biyu ke nan. Babu wanda ya kira mu, babu wanda ya dawo daga daji ya ce ya gan shi. 'Yan'uwana sun ɗauka a hanya na makara, ban taɓa iya gaya musu ba, shi ya sa na rubuto muku, ku masu karatu. Abin da na gane a makare shi ne a gem ne kawai bugu ke raguwa don an maimaita shi. A duniya kira na goma daidai yake da na farko, zuciyar mai sauraro ce ke yin kanta. Duk wanda ke da tsoho a ƙauye da ke yawan kiransa, ina roƙonsa kada ya bari sabo ya zaunar da shi. Ni dai kullum bayan Azahar ina kiran lambar Baba, a ce min a kashe take. Da farko in an faɗi haka kuka nake yi. Yanzu sai in mayar da wayar aljihu in nemi fasinja, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.