Ragon Sunan da Ya Cinye Kujerar Chaibou

Duk wanda ya zauna a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon a shekarun casa'in ya san Chaibou ko da a ido ne: dogon nan mai jakar fata, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Kuma gaskiya a lokacin ana jiran nasa. Mutumin Damagaram ne, karatun ordinater, wato kwamfuta, ya kawo shi Lyon, da ya gama ya samu aiki a wani ƙaramin kamfanin tura kaya. Ubansa dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi, wanda har ya koma ga Allah ba a taɓa ganin ya bar mai saye da mai sayarwa sun tsaya su biyu ba tare da shi ba. Chaibou yakan ce shi ya rabu da wannan harka tun ranar da aka sa shi lakwal, makarantar boko. Faɗa kawai yake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kara ce kawai ya canza.

Kamfanin nasu kayan masana'antun Lyon yake kwasa, yadi ne, injuna ne, magunguna ne, a loda a kamyo zuwa Marseille, daga can ƙananan jiragen ruwa su tsallaka da su Gênes ko Tunis ko Barcelone. Gajeriyar tafiya ce, kuma irin wannan jirgi ba ya jiran kowa. Kafin kaya su isa dole bayaninsu ya riga su: me ke ciki, nawa ne nauyinsa, na wane ne, ina za a sauke. To a nan ake yin ta. Na'urar masu tashar ruwa da irin tsarin da take karɓar bayani, ta masu jirage da nata daban, ta duwan, wato kwastan, ma haka, ba wadda ke gane saƙon 'yar'uwarta. Sau da yawa jirgi ya isa Gênes, bayanin kayansa yana baya yana jiran wanda zai sake buga shi.

Mai sake bugawar shi ne Chaibou. Saƙo ya shigo ta faks daga Marseille, ya juya shi yadda na'urar Gênes ke so, ya tura. Kwantena ta ɓace, a kira Chaibou. Jirgi zai tashi ba a ga bayani ba, a kira Chaibou. Ba abin da ke masa daɗi a duniya kamar kukan talhon da ke kan teburinsa, har yakan bar shi ya yi ta ƙara kafin ya ɗauka, don 'yan biro su ji. Da yamma in ya koma gida sai ya zube a kujera ya ce wa matarsa Rékia, “Wallahi yau da ban je ba, da Bahar Rum ta tsaya.” Ita kuwa ta ce, “Sannu, Malam, Allah ya bar mana kai,” ta ci gaba da yankan albasarta.

Ana nan sai aka kafa komite a Paris, don a fitar da tsari guda wanda duk na'urorin tashoshi da na jirage za su bi, saƙo ya tashi daga wannan ya faɗa waccan ba tare da hannun mutum ba. Shugabar kamfaninsu, Madam Perrachon, ta ce ba wanda ya dace ya wakilce su kamar Chaibou. Ya ɗinka sabon kwat, ya hau jirgin ƙasa, kansa ya kumbura har wuri ya yi masa kaɗan.

Bayan zaman farko ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nufi unguwar Château Rouge gaida Alhaji Mai Moussa, aminin ubansa, wanda ya yi ritaya daga wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, yake wuni a bayan kantin wani mai atamfa. Chaibou ya zayyana masa komai yana hura hanci. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Madalla, ɗana. To in na'urorin nan suka ji juna, kai me za a kira ka ka yi?”

Duk karatun Chaibou, wannan bai taɓa zo masa ba. Sai ya ji tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har shayin da aka miƙo masa ya kasa sha.

“Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,” in ji Alhaji. “Ubanka doka ɗaya gare shi. Kada ka bar su a inuwa ɗaya ba ka nan.”

Shi ke nan, jini ya motsa. Komiten nan kawuna biyu gare shi: Madam Santelli mai magana da yawun masu aikin tasha a Marseille, da Mushe Parodi na masu jirage daga Gênes. Kowa so yake a ɗauki tsarinsa a ɗora wa saura. Chaibou ya kafa kujerarsa a tsakaninsu. Da an tashi shan kafe sai ya ja Madam gefe ya ce, “Ki riƙe wuta, mutumin nan ya kusa sallamawa.” Kafin ta ajiye kofi ya riga ya tare Parodi a bakin taga: “Kada ka saki, ita ma ta san naku ya fi, kunya ce kawai.” In an zo cin abinci yakan raka ɗaya ya aika ɗaya wani wuri. Haka aka yi ta zama ana tashi. Turawan da suka haƙa rami ƙarƙashin teku suka haɗa Faransa da Ingila, sai ga su sun share shekaru sun kasa yarda ko nauyin kaya ke gaba ko sunan mai kaya. Kowa a komiten yana yaba haƙurin Chaibou, ana cewa ba don shi ba da tuni an watse. Talhonsa a Lyon ya ci gaba da kuka.

Sai Allah ya ba su haihuwa bayan dogon jira, Rékia ta sauka lafiya, aka samu ɗiya. Sunan ya yi daidai da satin da komiten ya zo zama a Lyon. Goron suna kuwa ba a tsallake kowa da shi, balle baƙin da suka zo garinka. Ban da haka, mu faɗi gaskiya, Chaibou yana so 'yan gida su ga irin manyan da ke taka masa ƙofa. Ya kai wa Madam Santelli goro da dabino, ya kai wa Parodi. Bai ga wani haɗari ba, don shi a saninsa suna wuni ake yi: wannan ya zo da hantsi, wancan da azahar, wani sai la'asar sakaliya, kowa ya yi barka ya ci ya tafi. Da kowannensu ya tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce da tsakar rana haka, don dai a rabu. A ina aka taɓa zuwa suna da agogo?

Rana na take tsaka sai ga su tare a kan matakala, kowa da furanni a hannu.

Gidan ɗaki biyu ne da falo. Mata sun cika ɗakin mai jego, maza sun cika falo, ragon da ya sa mahaucin unguwa ya yanka masa yana ta ƙamshi. Rékia daga kan gado ta ba da umarni a shimfiɗa wa baƙin Malam a baranda, a kai musu tire ɗaya, don faranti ya ƙare. Chaibou ya ga haka hankalinsa ya tashi, ya jawo kujera zai kafa a tsakaninsu yadda ya saba. Bai kai ga zama ba aka ce masa ga Alhaji Mai Moussa nan da tawagarsa daga Paris, suna ƙasa.

Aminin ubanka ya taso tun daga Paris, ba ka aika wani ya tare shi. Chaibou ya sauka da gudu, ya rusuna. Tsoho ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Barka, barka, ɗana. Ina gajiya? Ya mai jego? Ya jaririya?”

“Lafiya lau, Baba Alhaji. Mu hau daga ciki.”

“Za mu hau. Ya sanyin Lyon? Ya aiki? Ka ji labarin gida? Ya gwaggonka ta Birni, ƙafar ta yi sauƙi?”

Aka bi dangin Damagaram gida gida, masu rai aka tambayi lafiyarsu, matattu aka yi musu addu'a. Da Alhaji ya saki hannun sai na bayansa ya karɓa, ya soma daga farko. Chaibou yana amsa “lafiya lau” zufa na keto masa, kunnensa yana sama. Ba dama ya zare hannu, ba a yi wa babba haka ko gobara ake yi. Da aka hau kuma Alhaji ya ce a yi wa Fatsima fatiha, don sunan da aka raɗa mata ke nan, kuma fatihar Alhaji ba ta gajarta. Ana tsakiyar amin sai Chaibou ya jiyo dariya daga baranda, dariyar mutum biyu.

Ya tarar sun ture cokula suna ci da hannu, Parodi yana yagar haƙarƙari yana miƙa wa Madam. Ta ɗago ta dube shi, idonta har da ƙwallar dariya.

“Chaibou, ashe shekara da shekaru ni da wannan mutum duk mun kusa sallamawa?”

Da zagi suka yi da Chaibou ya san inda zai kama, dillali ya saba da zagi. Ba su ko yi fushi ba. Parodi ya ce ai sun duba, abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba, za a ɗauki nata a wajen nauyi, a ɗauki nasa a wajen sunaye. Sannan ya tambaya ko akwai sauran yaji.

Da Chaibou ya raɗa wa Alhaji abin da ya faru, tsoho ya girgiza kai ya ce, “Haba ɗana, ban ce maka kada ka bar su a inuwa ɗaya ba? Ina ka shiga?”

Kafin Fatsima ta fara tafiya an sa hannu a kan tsarin. A jawabin rufewa har aka gode wa Mushe Chaibou da iyalinsa saboda karamci, aka tafa masa, shi ma ya tafa. Ba a kore shi ba, da korarsa aka yi da ya samu labarin bayarwa a Château Rouge. Madam Perrachon ta bar masa teburinsa, ta sa aka kwashe faks, aka kafa masa allon na'ura a gaba, aikinsa ya zauna ya ga saƙonni suna wucewa daga Marseille zuwa Gênes, ko sallama ba sa yi masa. Lokaci lokaci yakan ɗaga talhon ya kara a kunne, ya ji ko ya lalace ne. Lafiyarsa lau.

Wata rana da hantsi sai ga talhon ya yi kuka. Chaibou ya daure ya bar shi ya yi ta ƙara har 'yan biro suka waiwayo, sannan ya ɗauka, ya gyara murya ya ce da Faransanci, “Oui, Marseille, ina jin ku.”



“To, ni ce Marseille,” in ji Rékia. “Malam, in ka taso ka sayo mana burodi.”

“D'accord,” ya ce da ƙarfi. “Za a tura yau ɗin nan.”

Tun daga ranar kullum sai ta kira shi da hantsi, shi kuma sai ya bar talhon ya yi ta ƙara. Burodi ya yi yawa a gidan har maƙwabta suka gaji da karɓa, amma daga shi har ita ba wanda ya taɓa cewa a daina sayowa.